Motar asibiti da ƙananan yara: yaushe ake jiran ta, yaushe ake saɓa yaro a ruga?

Maman Ilham (Rigasa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai iyaye, akwai kuma ma'aikatan lafiya a cikinmu.

Autana watansa 14. Ranar Talata ya wuni da zazzaɓi, na ba shi farasitamol, da la'asar har ya sauka ƙasa ya ɗan yi wasa. Wajen ƙarfe 1 na dare sai na ji katifa tana motsi. Ina haska fitilar waya na ga idonsa ya juye sama, hannuwansa sun sandare, haƙoransa na datse. Na ƙwalla ƙara. Inna, wato mahaifiyar maigidana, ta shigo da cokali za ta tura masa a baki, wata maƙwabciya ta zo da albasa. Ni dai ban san sanda na sure shi na yi waje ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Mai Napep ɗin layinmu ne ya kai mu wani ƙaramin asibiti da ke kusa.

A can suka yi masa allura jijjigar ta tsaya, suka maƙala masa robar oksijin a hanci. Da aka auna, aka ce maleriya ce mai tsanani, jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an yi ƙarin jini, su kuma ba su da shi. Suka rubuta mana takardar zuwa babban asibiti a cikin garin Kaduna. Suka ce akwai motar asibiti mai oksijin da nas, amma za mu biya. Baban Ilham ya ce a'a, ga ƙaninsa ya iso da mota, a cire robar mu tafi. Inna ta ce ita jikanta ba zai shiga motar gawa da ransa ba. Ni kuwa na kafe, na ce wallahi ba mai cire masa robar nan. Na cire ɗan kunnena na ajiye musu a kan tebur. A ƙarshe motar asibitin muka shiga.

Alhamdulillahi yaro ya samu sauƙi, mun dawo gida. Amma har yau ana ce mini na yi taurin kai, na jawo asarar kuɗi, na ɗaga wa dangi hankali da jiniya. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, na yi kuskure ne?

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara masa lafiya, ya raya miki shi. Kada ki riƙe surukarki a zuciya. Mu da muka taso, duk ranar da ka ga farar motar nan ta shigo unguwa, to gawa ta kawo. Ni kaina har gobe in na ji kukanta gabana faɗuwa yake yi. Tsoro ne da soyayyar jika suka sa ta faɗi haka.

Baban Sadiq (Tudun Wada): Allah ya ƙara sauƙi. Zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Maigidanki bai yi laifi ba. A garin nan, wanda ya zauna jiran motar asibiti da yaro a hannu yana jijjiga, to ya shirya yin da-na-sani. Shekara biyu da suka wuce 'yar ƙanwata ta shiga wani hali, na kira lambar wani asibiti, aka ce direba ya tafi cin abinci. Na sake kira aka ce ba mai a motar. Da na biye musu da wani labarin ake yi yanzu. Na saɓa ta a kafaɗa, ɗan acaɓa ya kai mu asibitin Yusuf Ɗantsoho cikin minti kaɗan. Motar da ke ƙofar gidanka ta fi wadda za ka roƙa ta waya.

Anti Nas: Maman Ilham, ki kwantar da hankalinki. Shekarata 16 ina aiki a ɗakin yara, kuma abin da kika yi sau biyu a daren nan, duka daidai ne. Na farko ba ki tsaya jiran kowa ba, kin ɗauke shi a abin hawan da ya fi kusa zuwa asibitin da ya fi kusa. Na biyu kin ƙi yarda a raba shi da oksijin.

Baban Sadiq, maganarka gaskiya ce a kan tafiya daga gida zuwa asibiti. Amma tafiyar da ake rigima a kanta daga asibiti ce zuwa wani asibiti, kuma yaron yana kan oksijin. Jini ne ke ɗaukar iska zuwa ƙwaƙwalwa. Yaron da jininsa ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage masa ne yake wannan aikin, shi ya sa ake ƙara masa oksijin don a tallafe shi. Ka cire robar, ka sa shi a bayan mota, ka bi ramukan Rigasa da daddare, in jijjigar ta dawo a hanya wa zai yi masa allura? Ƙanin baban? Sau nawa aka miƙo mini yaro a bakin ƙofa ana cewa "yanzu muka baro wancan asibitin yana numfashi." Ba na son tuna wasu.

Baban Sadiq (Tudun Wada): Anti Nas, na ji wannan. To amma kuɗin fa? Mutum yana lissafin kuɗin jini, kuɗin gado, kuɗin magani, sai a ƙara masa da na mota. Ba kowa ke da ɗan kunnen da zai ajiye ba.

Malam na Malali: A kan kuɗi bari in sa baki, don mutane da yawa ba su san haƙƙinsu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar nan ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi ne don jinyar gaggawa. Daga nan aka samo tsarin NEMSAS na motocin asibiti, wanda manufarsa ita ce a ɗauki mai larurar gaggawa, a kula da shi na awa 48 na farko ba tare da an tsaya cinikin kuɗi ba, a asibitocin da aka sa cikin tsarin. Sannan lambar 112 ita ce ta gaggawa a faɗin Najeriya, kyauta ce, ko ba ka da kati tana shiga. In hatsarin mota ne a kan titi, ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Baban Sadiq (Tudun Wada): Malam, doka tana cikin takarda, mu kuma muna cikin lungu.

Malam na Malali: Haka ne, amma wanda bai san abin nasa ba ne, ba zai taɓa tambaya ba. Kiran 112 bai hana ka neman Napep a lokaci guda ba. Mutum ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya buga ƙofar maƙwabci. Duk wanda ya riga isowa, shi ke nan.

Baban Walid (direban motar asibiti): Salamu alaikum. Ni dai karatu nake yi a nan ba na cika magana ba, amma yau an taɓo sana'ata.

Hajiya Babba, maganar motar gawa ba ku kuka ƙirƙiro ta ba, mu muka jawo. An daɗe ana ɗaukar motar da aka saya don masu rai ana kai gawa ƙauye da ita. Akwai kuma motocin da fenti ne kawai da jiniya, in ka buɗe baya gado ɗaya za ka gani, shi ke nan. Irin wannan ba ta fi motar ƙanin Baban Ilham da komai ba. Saboda haka in za a ɗaukar muku yaro, ku tambaya kafin ku biya ko sisi: akwai oksijin a tulu, kuma cike yake? Akwai nas da zai zauna da yaron a baya? Akwai jakar hura iska mai ƙaramin baki irin na jarirai? Na manya ba ya kama fuskar jinjiri, iskar ta gefe take zurarewa. Akwai abin zuƙe majina? In an amsa muku e, to kuɗinku bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi ci mana lokaci kuwa shi ne kwatance. A ce maka "Rigasa, bayan masallaci." Rigasa masallaci nawa ne? Ka kira, layi yana cike saboda matar tana waya da 'yan uwanta tana kuka. Don Allah ku faɗi sunan layi, ku faɗi abin da kowa ya sani, makaranta ko gidan mai ko tiransifoma, ku tura saurayi ɗaya bakin titi da tocila, ku bar wayar da kuka kira da ita a sake. Da damina akwai lungunan da motata ba ta shiga ko kusa, gara a fito da yaron bakin kwalta mu haɗu.

Sai kuma masu motoci. Ina kunna jiniya a hanyar Ahmadu Bello ko kan gadar da ke tsallaka kogi zuwa Barnawa da Kakuri, wani ya leƙo ta madubi ya ci gaba da tafiyarsa, wai ƙarya muke yi muna gudun cunkoso. Wasu kuma su maƙale a bayana su ci moriyar hanyar da aka buɗe. Akwai ranar da na ɗauko bakwaini zan kai shi asibitin Shika da ke Zariya, tafiyar da ta kai kilomita 80, nas tana matsa masa jakar iska da hannunta tun daga Kaduna. Duk birkin da na taka sai na ji ta ce "Baban Walid a hankali." Wanda ya tare mini hanya a Kawo ranar nan bai san abin da ke bayan labulen ba.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Allah ya saka maka da alheri ɗana. Bakwainin ya rayu?

Baban Walid (direban motar asibiti): Mun dai miƙa shi da ransa Hajiya. Mu iyakarmu bakin ƙofa.

Maman 'Yan Biyu (Hayin Banki): Ni matsalata daban ce. Haihuwar fari ce, kuma biyu Allah ya ba ni, watansu 7. Ko atishawa ɗaya ya yi sai in ji kamar in kira duniya. Sau uku ina tayar da maigida cikin dare mu tafi asibiti, a ce mana mura ce. Yanzu har ya fara cewa na cika zaƙewa, ni kuma tsorona kada ranar da abin yake na gaske ya ce in bari sai da safe. Anti Nas, ta yaya uwa za ta bambance?

Anti Nas: Ƙanwata, tambayarki ita ce ta fi komai amfani a nan. Akwai alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koya wa ma'aikatan lafiya, kuma ba abin da zai hana uwa ta san su. Yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa gaba ɗaya. Duk abin da ya shiga cikinsa ya dawo. Jijjiga. Ko ya yi laushi, kina tashinsa ba ya farkawa sosai, ba ya bin ki da ido. Ko ɗaya kika gani daga cikin waɗannan, ba a jiran safiya, ba a biyawa ta kemis.

Sai numfashi, wanda shi ne iyaye suka fi sakaci da shi. Ki ɗaga masa riga lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, ki kalli agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka a kai shi asibiti a ranar, don limoniya haka take farawa. In kuma kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko yana gurnani a kowane numfashi, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi sun yi duhu, wannan yaron oksijin yake nema yanzu-yanzu. Irinsa ne aka yi motar asibiti dominsa. In tana kusa a kira ta, in babu a tafi da abin da aka samu, kuma a nufi asibitin da aka san yana da oksijin da ɗakin gaggawa na yara, irin su Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho ko Gwamna Awan ga na Kakuri da kewaye.

Wanda zai iya jiran gari ya waye shi ne mai mura ko ɗan zazzaɓi amma yana shan nono, yana fitsari, yana kuka da ƙarfinsa, in zafin ya sauka ya yi miki murmushi. Shi ma da safe a kai shi a yi gwajin maleriya, kada a yi ta ɗura masa magani da ka. Amma jaririn da bai kai wata 3 ba, ma'aunin zafi ya nuna 38, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, shi ba shi da safiya, ko ƙarfe nawa ne a tafi. Haka wanda idonsa ya yi rawaya a ranar farko da haihuwa, ko shawarar ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa. Haka mai sikila in ya yi zazzaɓi.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): To 'yata, zazzaɓin haƙori fa? Wata 7 ai lokacinsa ne. Mu mun san in yaro zai fitar da haƙori sai ya yi zafin jiki da gudawa, a ba shi jiƙo ya wuce. Yara takwas na raina.

Anti Nas: Hajiya, ba zan yi jayayya da ke a kan raino ba, kin riga mu. Haƙori yana sa dalalar miyau da rigima da ƙaiƙayin dasashi, wani lokaci jiki ya ɗan ɗumama. Amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawar da za ta zuƙe yaro. Abin da ke faruwa shi ne, a watannin nan ne yaro yake fara rarrafe yana kai komai baki, kuma kariyar da ya samo daga jikin uwarsa tana raguwa, sai cututtuka su same shi daidai lokacin haƙori, a ɗora wa haƙorin. Kalmar nan ta "haƙori ne" ta jinkirta yara da yawa a gida kwana uku, huɗu. Sai an ga maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, an ja fatar ciki ta ƙi komawa, sannan a taho. Da tun farko an fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, ana ci gaba da nono, da ba a kai ga neman jijiyar da za a sa ƙarin ruwa ba.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Takwas na ce na raina, amma goma na haifa. Biyun da suka koma, duka a shekarun nan ne. Ɗayar da taune-taune ta tafi, muna ta hayaƙi muna cewa iska ce. Allah ne masani. Ci gaba 'yata, ina sauraro.

Maman Ilham (Rigasa): Allah ya jiƙansu Hajiya, ya sa masu ceto ne. Anti Nas, maganar cokalin nan fa? Inna ta ce don kada ya tauna harshensa ne ko ya haɗiye shi.

Anti Nas: Amin. Ba a haɗiye harshe, wannan ba ya faruwa. Cokali kuwa yana karya haƙori, yana yaga dasashi, jinin ya gangara hanyar iska. Ruwa, rubutu, man ja, ruwan albasa, duk abin da aka ɗura wa mai jijjiga huhu yake tafiya, don ba ya iya haɗiya a lokacin. Kuma don girman Allah a daina kara ƙafar yaro a wuta. Na wanke ƙunar tafin ƙafa da ta fi ciwon da ya kawo yaron wahalar warkewa.

Abin yi kaɗan ne. A kwantar da shi a gefensa a wuri mai laushi, a sassauta tufafi, a janye abin da zai buge shi, kada a danne shi, a duba agogo. Jijjigar zafin jiki tana samun yara tsakanin wata 6 da shekara 5, yawanci tana tsayawa da kanta cikin 'yan mintuna. In ta haura minti 5, ko ta tsaya ta dawo, ko yaron bai farfaɗo ba bayanta, gaggawa ce ta ƙarshe. Amma mu nan da maleriya da sanƙarau suke tare da mu, kowace jijjiga asibiti ake kai ta a daren, ko ta minti ɗaya ce. Addu'a kuma a yi ta a hanya, ba wanda ya hana.

Ɗan Kawo (mai Napep): Ni ne motar asibitin layinmu, ba wasa nake yi ba. Da wuya wata ya wuce ba a buga mini ƙofa da dare ba. Ina da tambaya. Kwanaki na ɗauki wani yaro ɗan shekara 2, ya sha kananzir da aka zuba a robar lemo. Kafin in iso sun ɗura masa man ja, sun sa masa yatsa ya yi amai. A hanya yana ta tari. Daidai suka yi? In na sake haɗuwa da irin wannan me zan ce musu?

Anti Nas: Allah ya biya ka. Ka ce musu kada su sa shi amai, kada su ba shi man ja ko madara. Illar kananzir a huhu take, kuma amai ne yake tura shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a riƙe shi a zaune, a tafi, ko da ya ga kamar lafiyarsa lau, don wahalar numfashin tana iya zuwa daga baya. In maganin ɓera ne ko na sauro ko ƙwayoyin manya ya sha, a taho da kwalbar ko ledar. Ƙaramin batir mai kama da kwabo shi ma in yaro ya haɗiye ba a jira, yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

Akwai kuma abin da ba Napep ba motar asibiti, hannun wanda ke wurin ne kawai zai yi aiki. Yaro ya shaƙe da gyaɗa ko ƙwallon dabino, ba ya iya kuka ba ya iya tari. In bai kai shekara 1 ba, a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a yi ta maimaitawa. Ba a lalube cikin baki da yatsa in ba a ga abin ba. In yana tari da ƙarfinsa a bar shi ya yi. Ƙunar ruwan zafi ko ta kunu, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, sannan a lulluɓe yaron a tafi. Jariri sabon haihuwa kuma in za ka ɗauka, ka ce uwar ko kakar ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula, a rufe su tare. Iskar Napep da hunturu tana iya sanyaya jinjiri kafin ku kai.

Ɗan Kawo (mai Napep): Na ɗauki hoton wannan. Zan tura wa 'yan tasharmu.

Maman 'Yan Biyu (Hayin Banki): Akwai abin da ba a taɓo ba. In maigida ba ya gari fa? Maƙwabciyata ta zauna da yaro yana numfashi sama-sama tun isha'i har asuba, wai wayar mijinta ba ta shiga kuma bai ba ta izinin fita ba.

Malam na Malali: Wannan magana ce da ya kamata kowane magidanci ya kashe ta tun yau, kafin ranar ta zo. Ka ce wa iyalinka a fili, a gaban mahaifiyarka in tare kuke: in yaro ya shiga hali, ki fita, na ba ki izini, ki kira ni daga hanya. Ka ajiye mata wani abu da ba a taɓawa sai irin wannan dare. Ka yi magana da maƙwabcin da ke da mota. Ceton rai ba abin da ake jiran waya ta shiga ba ne.

Baban Sadiq (Tudun Wada): A nan ba mu da saɓani. Ni tawa ta san haka tun haihuwar Sadiq. Kuma Maman Ilham, in na yi miki tsauri a farko ki yi haƙuri. Ban lura da maganar robar hanci ba sai da Anti Nas ta warware. Har yanzu ina nan a kan cewa daga gida ba zan zauna jira ba. Amma yaro yana kan oksijin, a ce a cire don a rage kuɗi, a'a. Sai dai ki yi wa maigidanki uzuri. Namiji a irin wannan dare yana lissafin abin da ke aljihunsa ne yana jin kunyar faɗa.

Baban Walid (direban motar asibiti): Ƙari ɗaya. In an tura ku wani asibiti, ku roƙi likita ko nas su kira can kafin mu tashi, a tabbatar akwai gado, akwai jini. Ku riƙe takardar turawa a hannu, kada ta shige ƙasan jaka. Yawo da yaro daga ƙofa zuwa ƙofa da tulun oksijin yana ƙarewa, shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a aikin nan. Kuma mutum ɗaya ko biyu sun isa su shiga baya. Dangi su biyo a wata motar, nas tana bukatar wurin juyawa.

Maman Ilham (Rigasa): Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na miƙa wa Baban Ilham wayar ya karanta tun daga sama. Bai ce komai ba, sai da ya zo kan maganar Baban Sadiq ta ƙarshe ya ɗan jima. Da safe na ga ya rubuta 112 da lambar mai Napep ɗinmu da ta ƙaninsa a jikin kwali ya liƙa a bayan ƙofa. Ya kuma ce zai je ya karɓo ɗan kunnen. Inna ban karanta mata ba tukuna, na fi so in roƙi Hajiya Babba ta yi mata magana ta waya, don daga bakin sa'arta za ta fi ji. Yaron yau ya sha koko rabin kofi.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Ki turo mini lambarta ta akwatin sirri, zan kira ta bayan la'asar in sha Allahu.

Maman 'Yan Biyu (Hayin Banki): Anti Nas, kina kusa? Ƙarfe 11 yanzu, Hassan yana ɗan tari. Na ɗaga musu riga suna barci na ƙirga, sau biyu kowanne. Hassan 41, Husaini 36. Haƙarƙari ba ya lotsawa. Duka sun sha nono kafin su kwanta.

Anti Nas: Lafiyarsu ƙalau ƙanwata. Ki rufe su ki kwanta. In tarin ya ƙaru ki sake ƙirgawa da asuba ki gaya mini.